Kukan Birkin Baya

4 ga Afrilu

Yaya Makaniki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kai da iyali, da fatan gwiwar nan taka ta yi sauƙi. Mu nan muna nan yadda Allah ya bar mu. Tsohuwa, uwar maigidana, idonta ya ƙara dushewa, amma kunnen yana nan, ko allura ce ta faɗi a ɗakin ɗinkina sai ta tambayi me na yar. Ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ba ta manta rediyonta da kai da ɗanta kuka kwance kuka kasa haɗawa ba.

Na san rabona da kai tun ina amarya, zumuncin ma na nesa ne, kakanka da kakan maigidana wa da ƙane. Amma kullum yana cewa a dangi kaf kai kaɗai ne ka san ƙarfe. Saƙon ta'aziyyarka ya iso, na gode. Ban kira ka ba domin a kan tudun nan waya ba ta kamawa sai an sauka bakin titi, kuma hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Direban motar madara ya ce yana bi ta wajen garejinku, shi zai kawo maka wannan. Ka yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Yau wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Ban san yadda aka ba ka labari ba. Da safe ya ɗora garwayen madara shida a bayan Jaki, wato babur ɗinsa mai ƙafa huɗu mai akwatin kaya, ya kama gangara zuwa titi kamar kullum. A kwanar hanya ta biyu, wajen wani babban dutse, bai tsaya ba, bai kuma juya ba. Maƙwabcinmu na ƙasa ne ya fara isa wurin. Ya ce madara ta riga maigidana gangarowa.

Maza sun jawo Jaki sun saka a rumfa. Gabansa ya ɗan lotse amma injin yana tashi. Da na taka birkin ƙafa sai ya tafi ƙasa ba tare da ya riƙe komai ba. Na leƙa ta cikin tayar baya ta dama, na ga faifan ƙarfen nan da birki ke kamawa ya karce, ya yi layi-layi, gefensa kamar ya ɓalle.

Abu biyu nake roƙo. Shanu huɗu ba su san an yi mutuwa ba, kullum sai an tatse su, ni kuma sawu uku nake yi da garwa a kai, motar ba ta jira. Ina so ka koya mini yadda zan canja faifan nan da kaina. Hannun da ke kwance keken ɗinki ya haɗa ba zai rasa yadda zai yi da noti ba. Na biyu kuma, ina so in san abin da ya hana shi tsayawa. Mutumin da ya sauka gangaren nan shekara tara. Wannan tambayar ta fi garwar nauyi.

Matar ƙaninka

*

17 ga Afrilu

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta. Ki gaishe da Tsohuwa, ki ce mata rediyon nan ɗanta Gajere ne ya ɓatar da kusoshinsa, ni riƙe fitila kawai na yi. Mu muka sa masa Gajere don ya fi kowa tsawo. Har yanzu na kasa cewa marigayi.

Ga yadda za ki kwance. Kada ki ajiye Jaki a wuri mai laushin ƙasa, sai a kan daɓe ko ƙasa mai tauri. Ki tokare tayoyin gaba da duwatsu. Ki sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan ki ɗaga da jak, ki sa katako mai kauri a ƙarƙashi. Kada ki yarda da jak shi kaɗai. In taya ta fita za ki ga wani ƙarfe ya ciji faifan kamar muƙamuƙi, shi muke kira kalifa. Kusoshi biyu ne ke riƙe da shi ta baya. In kin cire, ki rataye shi da waya, kada ki bar shi yana lilo a jikin tiyonsa. A cikinsa akwai takalman birki guda biyu, ki zare su ki ajiye. Sai ɗan fil da ke tsakiyar babban noti, ki miƙe shi ki zare, ki kwance notin, ki jawo cibiyar da tayar ke zama a kai gaba ɗaya. Faifan yana manne a bayanta da kusoshi huɗu.

Kafin ki goge komai, ki duba ki gaya mini: akwai maiƙo a jikin faifan ko a kan takalman? Ki shafa da yatsa ki gani. Wannan yana da muhimmanci.

Sannan ina roƙonki, kada ki nuna wa kowa abin da kika cire, ko maƙwabci ko wani makaniki. Ki naɗe a tsumma ki ajiye har mu yi magana.

Yayanki

*

30 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Mako shida ke nan. Sau uku direban madara yana tsayawa nan, sau uku ina miƙa hannu yana girgiza kai. Ya ce kina nan lafiya, kina sauko da garwa a kai, da ya ce ko akwai saƙo sai kika ce babu.

Ban san abin da ya sa kika yi shiru ba, amma ina da zato. Idan kin buɗe akwatin takardun Gajere kin ga wani abu da ya shafe ni, ki faɗa mini kai tsaye. Zagi ya fi mini wannan shirun.

Ko ma mene ne, bai kamata ki ci gaba da ɗaukar kaya a ka ba. Ga kwali nan na ba direba. Akwai sabon faifai, da takalman birki, da sabon kalifa, da kwalbar man birki, da sabon fil, da ɗan jan ruwa da ake ɗiga wa kusoshi don kada su kwance. Ki kankare tsatsar fuskar cibiya da samfefa har ta yi sumul, ko ƙwayar yashi ta rage faifan zai zauna a karkace. Kusoshin huɗu ki ɗaure su a gicciye, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan, ba ki gama da ɗaya ki koma ɗaya ba. Yadda za ki fitar da iska daga tiyo na zana miki a bayan takardar nan.

Abu ɗaya kada ki manta. Sabon faifai yana zuwa da mai a jikinsa daga kamfani saboda tsatsa. Ki wanke shi tas da ruwan sabulu mai zafi, ki shanya, ki goge da tsumma mai tsabta. Ko ɗigo kada ya rage. Mai da birki ba sa zama wuri ɗaya.

Yayanki

*

9 ga Yuni

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kwalin ya iso, Allah ya saka. Tsohuwa ta yi zazzaɓi kwana uku amma ta miƙe. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Ban buɗe akwatin takardunsa ba, ban ma fahimci me kake nufi ba. Shiruna ba naka ba ne, nawa ne.

Da na karanta inda ka ce in duba ko akwai maiƙo, ka kuma ce kada in nuna wa kowa, sai na zauna a ƙasan rumfar. Na ce shi ke nan, Yaya ya gane, yana rufa mini asiri ne. Tun daga ranar ban iya ɗaukar biro ba. Amma da ka sake rubuta cewa mai da birki ba sa zama wuri ɗaya, na ga in ban faɗa ba abin zai kashe ni a tsaye.

Birkin nan ya daɗe yana kuka. Wani irin ƙara mai shiga haƙori, tun daga kwanar dutse ake jin sa. Ni ban ƙi shi ba, da shi nake sanin ya dawo in ɗora ruwan shayi. Tsohuwa ce ba ta so. Kullum sai ta toshe kunne ta ce wannan jakin nasa ya fi na gaske rashin kunya. Na yi masa magana sau biyu, ya ce ya sani, ya aika a kawo masa kayan gyara, in yi haƙuri.

Kwana uku kafin ranar, Tsohuwa ta kwana da ciwon kai. Shi yana wajen shanu. Ni kuwa ka san aikina. Duk abin da ya yi ƙara a gidan nan, keke ne, ƙofa ce, almakashi ne, ɗigo biyu na man keke nake sa masa ya yi shiru. Na ɗauki 'yar kwalbar mai dogon baki na je rumfa, na zura hannu ta cikin taya, na ɗiga a kan faifan. Ba biyu ba, na yi kamar biyar ko shida, har na juya tayar don ya zagaye. Da ya dawo daga titi ranar, ba mu ji shigowarsa ba. Ya tsaya a ƙofa yana dariya ya ce, "Yau Jaki ya yi ladabi." Ni kuma na yi murmushi. Ina jin daɗi, Yaya. Ina jin na yi abin kirki a ɓoye.

Washegari kukan ya ɗan dawo. Rana ta uku ya tafi.

Babu wanda ya sani. Ina wanke wa Tsohuwa ƙafa, tana sa mini albarka tana cewa ni ce 'yar da Allah ya bar mata, ni kuma ina kallon hannun nan nawa. Kwalbar tana nan a kan keken. Tun ranar ban ɗinka ko maɓalli ba.

Na kwance komai yadda ka ce. Babban notin ya ƙi, sai da na zura sifana a cikin bututun ruwa na hau da ƙafa. Ga tsohon faifan nan, da takalman, da kalifa, a cikin tsohuwar rigarsa. Ban goge komai ba. Sabon kuma na buɗe, da na taɓa na ji man nan a yatsana sai na mayar na rufe. Ba zan iya ɗaura shi ba sai na ji daga bakinka.

Ka duba da idon sana'arka, ba da idon tausayi ba. Ka gaya mini ko ni ce. Idan ka yi mini ƙarya zan gane, shekara ashirin ina zaune da mutumin da bai iya ta ba, na san kamarta.

Wani abu kuma. A jikin ƙaramin kwalin da faifan yake ciki an rubuta "Na Gajere" da rubutunka, tawadar ta koɗe, ga kwanan wata na watan Yulin bara. Ban gane ba.

Matar ƙaninka

*

20 ga Yuni

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Tsohuwa lafiya. Ni gwiwa ce kawai, sai abin da zan faɗa miki.

Na shimfiɗa rigar a kan bencina na duba komai sau uku, na auna, na kira abokin aikina da bai san ku ba ya duba ba tare da na gaya masa komai ba. Bakinmu ya zo ɗaya.

Ba zan ce miki mai a kan birki ba laifi ba ne. Laifi ne babba. Da takalman suna da nama, wato abin da ke gugar faifan a jikinsu, da sun sha man nan kamar soso, da kuma yau ba ni da abin da zan ce miki. Amma ƙanwata, babu nama ko kaɗan. Sun cinye har ƙarfe, tun watanni. Kukan da kuke ji, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Man keke siriri ne, a kan ƙarfe tsirara mai zafi sauka ɗaya ko biyu ya ƙone. Shi ya sa kukan ya dawo washegari, ke da kanki kika rubuta. Ranar da ya tafi, man naki ya riga ya tashi.

Ga abin da ya faru. Faifan ya sirance har bai kai rabin kaurinsa ba. Akwai tsaga daga ramin kusa har baki, cikinta ya yi tsatsa baƙa, wato tsohuwa ce, ba ta ranar ba ce. A kwanar dutse, da kaya a baya, ya taka da ƙarfi, gefen faifan ya ɓalle, ya fizge takalmi ɗaya. Turmin da ke tura takalmin ya fito waje, man birki ya zube, feda ta tafi ƙasa. Maiƙon da na tambaye ki, wannan nake nufi. Birkin gaba kaɗai ba ya tsayar da garwa shida a wannan gangaren.

Yanzu kwalin. A watan Yunin bara Gajere ya rubuto mini ya ce birkin baya yana kuka, in nemo masa faifai da takalma, ba a samun irinsu a wajenku. Na samo a Yuli. Na rubuta sunansa na tura ƙarƙashin benci, na ce in direba ya zo zan ba shi. Ya zo ina ƙarƙashin wata mota. Ya sake zuwa na fita sayen kaya. Daga nan aka ɗora tsofaffin batura a kai na daina ganinsa. Gajere ya sake aiko saƙo a Oktoba, layi biyu, yana tsokanata wai ko faifan ƙira ake yi masa daga tama. Na yi dariya na ce gobe. Na ba shi amsa cewa yana hanya. Wannan amsar ce nake tsoron kin gani a akwatinsa.

Da na ce kada ki nuna wa kowa, ba ke nake rufa wa asiri ba. Duk makanikin da ya ga faifan nan zai tambayi wane ne ya bar mutum yana hawa a kansa. Kaina nake karewa. Ban san na jefa ki cikin wata biyu na wuta ba.

Wata biyar faifan yana nesa da ƙafata da taku ɗaya. Ke kin ɗiga mai don tsohuwa ta samu barci. Ni na san ma'anar kukan nan, da shi nake cin abinci, na ce gobe.

Ba ke ba ce. Ban roƙe ki gafara a takarda ba, ba ta isa ba. In kin yarda in zo, zan zo in ɗaura da hannuna, in tsaya gaban Tsohuwa in faɗa. In ba ki son ganina, na fahimta.

Yayanki, in har yanzu kin yarda da sunan

*

2 ga Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu muna nan. Ruwa ya yi yawa bana, hanyar gangara ta zaizaye ta gefe ɗaya.

Na daɗe ban amsa ba, wannan karon shirun naka ne. Na karanta takardarka a rumfa, na buɗe akwatinsa na ga amsar taka, "yana hanya". Ya ninke ta ya sa a cikin littafin allurar shanu. Kwana da yawa in na tuna ka sai in ji ɗaci a bakina. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu yana zuwa.

Amma na yarda da abin da ka ce game da man. Da kana son ƙarya, mai sauƙi tana gabanka. Na miƙa maka wuyana da kaina, da ka yi shiru kawai na ɗauki kayan har kabarina, kwalin kuma ka ce tsohon rubutu ne. Ba ka yi ba. Saboda haka na yarda.

Ban ce na fita fes ba. Shi ma ya san kukan, ya ci gaba da hawa, yana jiran ka don ba ya son ka ji ya nemi wani. Ni ma na ji, na rufe masa baki maimakon in ɓoye makulli. Mu uku muka ji abu yana ihu wata da watanni, kowa ya yi abin da ya saba.

Na ɗaura faifan da kaina. Na wanke shi sau uku, har sai da yatsa ya yi ƙara a kansa. Na kankare cibiya, na ɗiga jan ruwan, na ɗaure a gicciye. Fitar da iska ce ta ba ni wuya don aikin mutum biyu ne. Sai na zaunar da Tsohuwa a kan Jaki, na ɗora ƙafarta a kan feda, in na ce taka ta taka, in na ce riƙe ta riƙe. Ta ce tun da take ba ta taɓa hawa abin nan ba, sai yanzu da mai shi ba ya nan. Ta shafa hannun tuƙin inda roba ta lotse da tafinsa, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba.

Na gwada a fili sau ashirin kafin in kama gangara, ba kaya, sannan da garwa biyu. A kwanar dutse na taka. Ya tsaya, Yaya. Cak, ba ko motsi. Na zauna a wurin da injin yana aiki, ina kallon dutsen, taku bakwai ne tsakanina da shi. Na ƙirga.

Kada ka zo ka faɗa wa Tsohuwa. Tana ganin lokaci ne ya yi, kuma kai ne yaron da ya ɓata mata rediyo. Ka bar mata wannan. In kana son zuwa, ka zo bayan damina ka duba birkin gaba, ban yarda da shi ba. Maganar gafara kuma ka ba ni lokaci, ban ce a'a ba. Tsohon faifan kada ka yar. Ka rataye shi inda za ka riƙa gani, a saman bencin, ba a ƙarƙashi ba. Rigar ka dawo mini da ita.

Na koma ɗinki makon jiya. Keken ya bushe yana ƙara, na sa masa mai, nan ne wurinsa.

Sabon birkin ba ya kuka ko kaɗan. Ina hawowa in shiga rumfa in kashe inji, in tarar da Tsohuwa a bakin ƙofa ta karkata kunne wajen gangara. Jiya ta ce mini, "Ke, ba na jin jakin nan kwana biyu." Na ce an gyara shi, Inna. Ta ce da an bar shi yadda yake, ta saba.

Matar ƙaninka